Wanda Ya Taɗe Shi Zai Goya

Daga Allah muke, kuma gare shi ake komawa. Kawu ya koma ranar wata Talata cikin watan Safar, tsakanin azahar da la'asar, bayan alhazai sun watse gari ya yi shiru. Iya, matarsa, ta ce ko mutuwar ma sai da ya jira aka gama aiki.

Kwanakin zaman makoki ban zauna sosai ba. Ina tsakanin tukunyar shinkafa da butar gahawa, ƙafafuna sun kumbura, kaina kamar an ɗora masa dutse. Amma kunnena yana ɗakin mata. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan fuskokin da ban sani ba. Mu nan Misfala, unguwarmu a Makka, mun san junanmu, to waɗannan daga ina? Wata tsohuwa 'yar mutanen Jawa ta kama hannuna ta ce da Larabci, "Ke ce 'yar mai garwa?" Na ce ni ce. Ta ce wata rana da yamma aka buga mata ƙofa, ta leƙo, sai ga wani ƙaton saurayi yana haki, da ɗanta goye a bayansa, yana cewa, "Ya khala, ni na kayar da shi, ki yafe mini." Ta ce, "Na ɗauko ludayi zan ƙwala masa, sai dariya ta kama ni."

Wata maƙwabciyarmu kuwa, wadda ba ta iya riƙe magana a cikinta ko a gidan mutuwa, ta ce, "Allah ya jiƙan Kawu, amma fa ya taɓa mai da mini ɗa jaki. Tun daga fili har gida, ta tsakiyar kasuwa, yara na binsa da tafi."

Iya ta ɗago ido ta ce, "To wanda ya goyo ɗin fa? Ba shi ne yake kawo miki ruwa yanzu da ƙafarsa biyu ba?"

Aka yi 'yar dariya, sai Iya ta rufe fuska da mayafi, dariyar ta koma kuka.

Autana ne ya ba ni labarin maƙabarta, tunda mu mata ba ma zuwa. Ya ce da aka fito da makara daga Harami, samari suka yi ta ture juna, kowa yana son ya sa kafaɗa. Sai wani daga baya ya ce, "Kai, ban da bangaza!" da irin muryar Kawu. Nan take aka sassauta, kowa ya shiga layi. Auta ya ce wasu sun cije leɓe don kada su yi dariya a bayan gawa, wasu kuma hawayen da suke riƙewa tun safe a nan ya ƙwace musu.

Malamar da take koya mana boko a ɗakinta, mu matan da muka girma ba mu iya ba, ita ta ce in rubuta. Na ce mata na gaji. Ta ce gajiyar ma a rubuta ta. To ga shi ina rubutawa, don jikoki su san ko wane ne Kawu, kuma don akwai wani abu da ya bari wanda na ji tsoron za a binne shi tare da shi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Da shi muka taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ina ƙarama ƙwarai. Mahaifiyata ba ta iso ba, a ƙasar Sudan aka rufe ta. Ban tuna fuskarta ba. Abin da na tuna shi ne ƙeyar Kawu, da warin zufarsa, da rawaninsa da ya warware ya ɗaure ni da shi a baya. 'Yan ayari suna yi masa tsiya wai namiji da goyo. Ya ce musu, "Wanda ya ga ya fi ni iyawa ya zo ya karɓa." Ba wanda ya zo.

A gida ɗan kokawa ne, an ce har garuruwa ake zuwa kallonsa. A Makka kuwa ya zama kamar sauran mazanmu. Yawancin shekara ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, hawa dutse sauka dutse. In mausimi ya zo, wato lokacin aikin hajji, sai ya shiga ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da maza ke ɗorawa a kai su yi wa tsofaffi da marasa lafiya ɗawafi. Duk aikin ƙafa ne. Mutumin da ba shi da ƙafa a hararmu, wato unguwarmu, gidansu ba shi da wuta.

Ƙwallo bai san ta ba, kuma har ya rasu ban ji an ce ya taɓa buga ta ba. Bayan yaƙin duniya ne ta shigo wa samarinmu kamar zazzaɓi. Suka samo wani fili can wajen Kudai, inda gidaje suka ƙare, duk tsakuwa da baƙin dutse, kuma ba takalmi. Kullum bayan la'asar sai su tafi tamrin, wato gwajin da suke yi su ya su kafin ranar karawa da wata hara. Kullum kuma sai an dawo da wani a jirkice. Wannan targaɗe, wancan farce ya fita, wani gwiwa ta kumbura. Mu mata muka zama ba mu da aiki da magariba sai ɗora ruwan zafi da neman tsumma. Maɗorin hararmu har ya ce zai koma filin da zama, ya huta da hawa lunguna.

Iyaye maza suka ce a hana. Kawu ya ce, "Ku hana ruwa gangara mu gani." Washegari ya ɗauki tsohuwar garwarsa da ta huje, da guntun sanda, ya bi su. Ya kifa garwar a bakin fili ya zauna a kanta yana kallo. Da wani ya taɗe ɗan'uwansa ta baya, sai ya miƙe ya buga garwar, ƙwal! Kowa ya tsaya.

"Wa ya kayar da shi?"

Aka nuna.

"To duƙa."

"In duƙa in yi me, ya Sidi?" Yaran da aka haifa a nan Sidi suke ce wa kaka namiji, kaka mace kuma Sitti.

"Ka goya shi. Ka kai shi ƙofar gidansu, ka yi sallama da uwarsa, ka gaya mata da bakinka kai ne."

Wanda aka kayar ya ce shi lafiyarsa lau, zai iya tafiya. Kawu ya ce, "Ban tambaye ka ba. Hau."

Dokar ke nan, kuma ba ta taɓa canzawa ba: a wurin tamrin ba taɗiya, ba bangaza, wanda ya taɗe shi zai goya. Ko an ji ciwo ko ba a ji ba. Kawu ba ya duka, ba ya zagi. Yana biye da mai goyo da garwarsa a hannu har ƙofar gida. Samari kuwa duka bai dame su ba, amma tsayawa gaban uwar wani a ce "ni ne", wannan ya fi bulala. Cikin ɗan lokaci tukunyar ruwan zafina ta huta.

Yana da maganganunsa da yara suka haddace suna kwaikwayo. "Ƙwallo in ta fashe baduku ya ɗinke. Ƙwauri fa?" Ko ya ce, "Ƙafar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta gidanku ce, aro aka ba ka."

Wanda ya fi kowa ƙin dokar nan ɗan farina ne. Ba zan kira sunansa ba ko a takarda, mu haka muka tashi. Ba na yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, ba na nuna damuwata a kansa. Tun da mahaifinsa ya rasu, shi ya gaji sandar ruwa da gurbin shibriyya, ƙafarsa ce abincinmu. Ga shi da zafin zuciya, ga gudu, shi ne na gaba a wasansu. Tsakaninsa da Kawu kuwa wasan jika da kaka ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Ya Sidi, wannan tamrin ne ko rawar 'yan mata?"

"Ji ɓarawon mata. Kai da garwa biyu ma sai ka zubar da rabi kafin ka kai. Iya ta ce ba ta sonka."

"Sitti tawa ce, tsoho. Jira kawai nake yi ka ba ni wuri."

"Za ka daɗe kana jira, da waɗannan ƙafafun naka kamar na zalɓe."

Amma ƙarƙashin wasan akwai magana ta gaske. Yaron yana cewa 'yan sauran haruna da ƙarfi suke wasa, su kuwa an mai da su kamar ƙwai. Kawu ya ce gara ƙwai da fasasshiyar tukunya. Ni ina bayan Kawu, kowa ya san inda nake.

Sai ga ranar da aka kara da 'yan wata hara ta bayan dutse, cikin watan Shawwal, alhazai sun fara sauka. Ina tsintar shinkafa na ji hayaniya a lungu. Aka shigo da shi, hannunsa na dama a lanƙwashe inda hannu ba ya lanƙwashewa. Aka ce wani ne ya bangaje shi kafaɗa da kafaɗa, bangaza ta halal wadda ko alƙalin wasa bai hura mata usur ba. Shi kuwa da bai saba ba, sai ya tafi gaba ɗaya, ya tokare da hannu a kan dutse.

Iya ta yi ta salati tana kuka. Ni ba dama in yi kuka a kan ɗan fari. Na tashi na ɗora ruwa a wuta, na zauna ina kallon tukunyar, ina jin ƙararsa lokacin da maɗori yake ja.

Da aka gama ɗori, Kawu ya matso zai dafa shi. Yaron ya kau da kai. Ba wasa a muryarsa ko kaɗan.

"Kai ka karya ni, Sidi, ba shi ba."

"Kai, yaro," in ji Iya.

"Bari in faɗa, Sitti. Ka hana a taɓa mu, muka je aka taɓa mu. Ban taɓa faɗuwa ba sai yau. Su kullum faɗuwa suke yi, ka ga wani a cikinsu ya karye?"

Na jira Kawu ya kawo ɗaya daga cikin maganganunsa, bai kawo ba. Ya ɗauki garwarsa ya fita.

A shekarar nan yaron bai ɗauki shibriyya ba, don sai da hannu biyu ake riƙe ta. Kawu ya riga ya bar aikin saboda tsufa. Amma da safen da aka fara, sai ga shi da gammonsa ya shiga gurbin jikansa. Abokan ɗauka suka ce, "Baba, ka rufa mana asiri." Ya ce su riƙe nasu gefen su ƙyale shi da nasa. Haka ya yi mausimin nan duka, har Mina ya bi su da dakon kaya. Da yamma in ya dawo, ni nake gasa masa gwiwa. Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba. Tun daga nan ya fara tafiya da sanda, kuma bai taɓa bari a ce don wane ne ba.

Wata rana ina gasa masa, ya ce, "'Yar nan, yaron nan ya faɗi rabin gaskiya."

Na ce, "Kawu, zafin ciwo ne ya sa shi."

"A'a. Na koya musu kada su kayar, ban koya musu faɗuwa ba. Ni da na yi kokawa. Mu a gida kafin a koya maka ka da mutum, sai an yi ta ka da kai har jikinka ya san ƙasa. Tsoro ne ya rufe mini ido."

Na ce, "To ɗaya rabin fa?"

Ya ce, "Ɗaya rabin nawa ne, ba na bayarwa."

Bayan ruwa ya sauko daga duwatsu a shekarar, ya bar yashi mai laushi a cikin kwari. Kawu ya ce duk mai son tamrin ya zo da garwar yashi. Suka yi ta ɗiba suna zubawa a gefe ɗaya na filin, suna mita, har ya yi tudu. A kan yashin nan ya koya musu faɗuwa: a sunkuyar da haɓa, a naɗe hannu a ƙirji, a ba ƙasa kafaɗa a mirgina. Auta ya ce Kawu da kansa ya gwada musu, da gwiwar tasa, sai da mutum biyu suka tashe shi, yana cewa, "Ku sake ni, na faɗi daidai, tashin ne ya gagara."

Daga nan ya buɗe musu ƙofa kaɗan. Ranar Alhamis a yi bangaza, kafaɗa da kafaɗa, a kan yashi, tsara da tsara. In watan Shawwal ya kama, a rufe har alhazai su tafi. Taɗiya ta baya kuwa babu ita ko wace rana, goyo yana nan inda yake.

Ɗan farina ya warke, ya koma, har ya zama shi ne babbansu. Suka shirya da Kawu, wasan jika ya dawo. Amma bai taɓa cewa ya gamsu ba. Kullum cewa yake yi Alhamis ɗaya ba ta isa ba, kuma goyon nan abin kunya ne, 'yan wasu haruna suna kiransu 'yan goyo. Kawu ya ce, "Ranar da na mutu ka yi yadda kake so." Yaron ya ce, "To ka hanzarta, tsoho." Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ba ya iya zuwa fili, amma in la'asar ta yi sai ya ce a jingina shi kusa da taga. In samari sun dawo yana lura da tafiyarsu. Ya ce shi daga takun mutum yake sanin abin da ya faru a fili. Bai bar wasiyya a kan garwa ba. Tana nan a bayan ƙofa inda ya ajiye ta.

Ranar da aka tashi daga makoki, da yamma, ina wanke kofuna na ji samari a lungu ƙarƙashin tagarmu. Wani ya ce, "Halas, Sidi ya tafi, Allah ya yi masa rahama. Yanzu sai mu yi tamrin irin na maza." Wani ya ce, "Wallahi na gaji da a ce mini ɗan goyo." Suka ce wa ɗan farina, "Kai ne babba, kai ma ai ba ka so. Me ka ce?" Na tsayar da hannuna cikin ruwa. Ya ce, "Ku bari tukuna." Shi ke nan abin da ya ce.

Na rasa yadda zan yi. Ni na san abin da ke jirana in dokar ta tafi: tukunya, tsumma, maɗori a lungu, da zaman jiran a shigo da wani. Yanzu ma biyu gare ni a filin, don auta ya isa. Kuma ba Kawun da zai shiga gurbin wani. Da ɗan farina ya shigo cin abinci, na dubi auta na ce, "Auta, ka faɗa wa mai kunne, ni dai na tsufa da ɗora ruwa." Auta ya dubi yayansa. Shi kuwa bai ɗago daga kwano ba. Da ya gama ya wanke hannu ya fita, ya wuce garwar bai ko kalle ta ba.

Aka koma tamrin bayan mako. Garwa tana bayan ƙofa. Na ce wa Iya ko in kai wa maƙwabta garwar su shuka na'ana'a a ciki, in huta da ganinta. Ta ce in bar ta.

Sai jiya, rana ta yi sanyi, auta ya faɗo gida a guje. Ya finciki garwar da sandar ya juya. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Yaya ne ya aiko ni," ya fice.

Na fita ƙofa na tsaya. Na daɗe a tsaye. Can sai na ji tafin yara daga wajen kasuwa, da ƙarar garwa, ƙwal, ƙwal, tana matsowa. Suka shawo kwanar lungu. Ɗan farina ne a gaba, a duƙe, zufa ta jiƙa masa riga, da ɗan maƙwabciyarmu goye a bayansa, wannan da uwarsa ta ce an mai da shi jaki. Idon sawunsa ya kumbura. Auta yana biye da garwa, samari suna bayansu.

Daga baya auta ya ba ni labari. Ya ce yayansa ne ya taɗe shi ta baya, cikin zafin wasa. Kowa ya juya yana kallon inda Kawu yake kifa garwa, ba kowa a wurin. Wanda aka kayar ya ce, "Ma'alesh, ba komai, zan taka." Wasu suka ce a ci gaba da wasa. Yayan ya tsaya yana kallon ƙafar, sannan ya ce wa auta, "Je ka ɗauko." Ya duƙa ya ce wa wanda ya kayar, "Ban tambaye ka ba. Hau."

Suka wuce ta gabana. Bai dube ni ba, ni ma ban kira shi ba. Na ji ya tsaya a ƙofar maƙwabciya ya yi sallama, ya ce, "Ya khala, ni ne." Na ji ta tana cewa, "Yau kuma nawa ne a sama? To alhamdu lillahi, an rama mini."

Ban sani ba ko dokar za ta kai baɗi. Samari ne, kuma haruna suna ta yawa. Targaɗen ma na gaske ne, sai ɗan maƙwabciya ya yi kwanaki bai ɗauki ruwa ba, ɗan farina ya ce shi zai riƙa kai wa gidajen da yake zuba wa ruwa. Na koma ciki, na tarar da Iya a bakin taga tana share ido, tana cewa, "Ɓarawon nan, ashe yana ji."

Allah ka jiƙan Kawu, ka sauke masa nauyin da ya ɗauka, nawa da na wasu. Ka shimfiɗa masa kabarinsa ya fi yashin kwari laushi. Ka haɗa shi da 'yar'uwarsa da ya bari a hanya, ya gaya mata ya kawo ni.

Ni kuwa na hura wuta na ɗora ruwa, na ɗauki tsumman da nake gasa masa gwiwa da shi, na shiga maƙwabta.